Kwana Uku A Dutsen Musa Bahabashe

Ran nan wani dattijo ya tambaye ni dalilin da ya sa ba mu mai da zauren gidanmu na Sabil kanti ba, alhali maƙwabta duk sun mayar. Na ce masa amsar tana da tsawo, sai in rubuta.

Mahaifinmu ya rasu a 2008, Allah ya jiƙansa. Shi kuwa ba ya rufe zauren nan, duk baƙon da ya zo daga ƙasar Hausa nan yakan sauka. Bayan arba'in na ce a ba da shi haya. Ƙanena ya ƙi. Muka yi wata bakwai gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Cikin 2009 fatauci ya kai ni Dimashka. Wani abokin ciniki ya ga raina ba daɗi, ya ce in zo mu sha iska a Dair Mar Musa, watau gidan ruhubanawa 'yan Katolika, a gabashin garin Nabak, kamar mil 50 arewa da birnin. Na yi ta nauyin jiki, don ban taɓa shiga wurin ibadar Nasara ba.

Mota ta ajiye mu a gindin dutse, muka hau matakala fiye da 300. Ƙofar ƙanƙanuwa ce, ko sarki ne sai ya sunkuya. Ba wanda ya tambayi sunana ko addinina, sai aka miƙo mini ruwa, da gurasa, da zaitun, da cukun awakinsu. Ba a karɓar kuɗin kwana, amma kowa yakan taya wanke kwano.

Suka ce Musa ɗin nan ɗan sarkin Habasha ne, ya bar sarauta ya zo ya zauna a kogon dutse, haka ake ba da labari. Cocin kuwa an gina shi a shekara ta 450 ta Hijira, watau 1058, da Larabci aka rubuta a bango. Wurin ya daɗe kango, har 1982 da wani Fada mutumin Italiya, Paolo Dall'Oglio, ya iso. Ya gyara shi, ya kafa jama'a masu maraba da Musulmi da Kirista.

Da yamma sukan yi sa'a guda shiru. Ni kuwa na shimfiɗa dardumata a waje, na yi magariba, na zauna. Kwari ne a gabana, ba gida ba hanya, sai kukan awaki da iska mai sanyi, taurari kamar ka miƙa hannu ka tsinko. Nan na tuna kakanmu. Da ƙafa ya baro Kano, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, yana noman ƙodago, kafin ya kai Sawakin ya shiga jirgin ruwa. Na tambayi kaina, ƙofa nawa aka buɗe masa a hanya? Da masu ƙofofin nan sun yi irin lissafina, da ba a haife ni a Jidda ba. Wallahi kunya ta kama ni.

Ran da na komo, ban shiga ɗakina ba sai da na kai wa ƙanena mabuɗi, na ce, “Kai ne da gaskiya.” Ya ce, “Haba Yaya, ya wuce.”

Yaƙi ya ɓarke a Sham a 2011. Aka kori Fada Paolo a 2012, ya sake shiga, ya ɓace a garin Rakka ran 29 ga Yuli 2013. Addininsa daban, nawa daban, amma na ci gurasarsa, kuma ɗan halak ba ya manta alheri.

To, dattijo, ka ji dalili. Allah ya bar mu da baƙi, amin. Wassalam.