Ga ƙannenmu da aka tura karatun ilimin yanayi

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ba gurbin karatu, sai ka ji yaro yana ƙorafi: likitanci ya nema ko injiniya, amma an jefa shi Sashen Labarin Ƙasa. Iyaye ma su ce ya daure ya yi shekara guda, in Allah ya yarda ya canza. A cikin wannan sashe da ake rainawa ake koyar da ilimin yanayi a jami'o'inmu irin su ABU Zariya da Bayero ta Kano da Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kuma ni a ganina kaɗan ne daga cikin karatun boko suka kai shi kusanci da tukunyar tuwonmu.

Mutane na ɗauka aikin wanda ya karanci fannin shi ne ya faɗi ko gobe za a yi ruwa. Wannan aikin masu hasashe ne. Masanin yanayi shekaru yake karantawa, kuma ƙa'idar da Hukumar Yanayi ta Duniya ta shimfiɗa ita ce sai an tara bayanan shekara 30 kafin a ce ga yadda yanayin wuri yake. Waɗanda ake aunawa da su yanzu na 1991 zuwa 2020 ne. Saboda haka abin da za a fara koya maka haƙuri ne. Za a kai ka tashar awo, wani ɗan fili da aka kewaye da waya, a nuna maka farin akwatin katako mai tagogi kamar na tantabara, a tsaye kan ƙafafu, ma'aunin zafi na ciki a inuwa. Gefe guda ga ma'aunin ruwan sama, mazurari ne a kan gwangwani. Kowace safiya a sa'a ɗaya wani zai zo ya juye ruwan cikin kwalba mai zane-zane, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da saman ruwan, ya rubuta milimita nawa ne. Ranar da ba a samu ko ɗigo ba, sifili zai rubuta, domin sifilin ma labari ne. Ranar da ya yi kasala ya cike gurbin da ka, ya cuci wanda zai buɗe littafin bayan shekara hamsin.

Daga nan sai ka fahimci abin da ka taso kana gani ba ka san dalilinsa ba. Iska biyu ce ke tura juna a kanmu: mai laima da ke tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, da busasshiya da ke saukowa daga Sahara. Inda suka haɗu yakan hau arewa daga bazara har ya kai maƙura a watan Agusta, lokacin marka, sannan ya koma kudu. Shi ya sa Kaduna ke riga Katsina samun ruwan shuka, Katsina ta riga Tawa, kuma ruwan ya fara ɗaukewa daga arewa. Hazon hunturu da ke hana jirgi sauka a Kano kuwa, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, busasshen gindin wani tsohon tafki.

Abin da ya sa nake jin wannan karatu a raina shi ne labarin farin da ya faɗa wa yankin Sahel a 1972 zuwa 1973, ya sake dawowa a 1983 zuwa 1984. Dattawanmu ba su manta ba: dabbobi sun ƙare, mutane sun bar garuruwansu. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. A 1975 wani babban masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo bayani cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta zama fili fetal, takan mayar da hasken rana sama, hakan ya rage haɗuwar hadari. Bayanin ya karɓu, aka daɗe ana ɗora laifin a kan makiyayi da manomi da mai saran itace. A 1986 masu bincike a Ingila, Folland da abokan aikinsa, suka nuna cewa ruwan Sahel na bin sauyin zafin saman teku. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka ƙarfafa wannan da lissafin kwamfuta. Wasu binciken na baya ma sun nuna hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na da hannu, domin ya sanyaya arewacin Atlantika ya janye ruwan zuwa kudu. Ba ina cewa sare itatuwa ba shi da illa ba, yana da ita ƙwarai. Amma Bafulatanin da ya rasa garkensa ya ɗauki shekaru yana shan zargi a kan abin da tushensa ke can tsakiyar teku, kuma yawancin muhawarar a wasu ƙasashe aka yi ta, da bayanan da aka auna a ƙasarmu.

Ƙanina, kada wanda ya ruɗe ka cewa karatun hadda ne. Akwai lissafi, akwai fiziks, akwai ƙididdiga mai yawa, kuma yau wanda bai iya sarrafa bayanan tauraron ɗan'adam da manhajoji irin su R ko Python ba, zai tsaya a bakin ƙofa. Ka kama waɗannan tun kana aji ɗaya, ko da ba a tilasta maka ba. Hanya kuma ba ta toshe ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure na da sashe sukutum na wannan fanni. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 sakamakon wancan fari, tana horar da ƙwararru daga ƙasashen Sahel, ga kuma cibiyar yanayi ta ACMAD a birnin. Shirin WASCAL da Jamus ke tallafawa na ɗaukar ɗaliban digiri na gaba a jami'o'in Afirka ta Yamma, ciki har da Akure da Minna da Yamai.

Inda na fi ganin giɓi shi ne tsakanin takarda da gona. Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina kowace shekara, da lokacin faɗuwar ruwa da na ɗaukewarsa da inda ake tsoron tsaikon ruwa bayan shuka. Manomin da zai yanke shawara ko ya yi binne ko ya jira, ko ya shuka gero mai saurin nuna, yana bukatar wanda zai zauna da shi a gindin bishiya ya warware masa me "yiwuwar kashi 60 cikin ɗari" ke nufi, ya kuma saurari abin da shi ma ya sani game da iska da tururuwa da ganyen gawo. Ɗan gari ne kaɗai zai iya wannan da kyau.

Tambayoyin ma sun sauya. Ruwa ya ɗan dawo tun shekarun 1990, amma da wani hali daban. Binciken da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Mun ga ambaliyar 2012 da ta 2022, mun ga Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Magudanan ruwa da gadoji da madatsun da muke da su, da yawansu an gina su ne bisa lissafin ruwan wani zamani. Dole wani ya zauna da littattafan awo na Kano da Samaru da Zinder, ya sake lissafa ruwa nawa kwalbati zai ɗauka a dare ɗaya kafin injiniya ya zuba siminti.