Makon Kai Albishir: Daga Sauka Zuwa Suna

Laraba

Matar ƙanena ta sauka lafiya da hantsi, an samu mace. 'Yar fari ce, don haka kunya ba za ta bar uban ya tunkari Baba da Inna da maganar ba. Ni ya jawo gefe a barandar asibiti: "Yaya, ke za ki faɗa a gida." Kafin in fita na roƙi 'yan matan da suka yi dafifi a wurin kada kowa ya ɗora hoto a waya sai manya sun ji.

Na iske Baba a zaure yana lazimi. Na durƙusa na ce, "Baba, an samu ƙaruwa." Bai tambayi me aka samu ba sai da ya ji lafiyar uwar. Inna kuwa na ce mata, "Albishirinki." Ta ce, "Goro." Na ce, "Fari ko ja?" Ba ta amsa ba, hamdala ta kama yi. Ko da yake uwar mai jego tana asibitin tun asuba, Baba ya tashi ƙaninsa ya je gidan surukai ya yi barka, domin sanin da suka yi bai ɗauke mana zuwa ba. Da magariba aka yi wa jaririya huɗuba. Sunan yana bakin mutum biyu, uban da Baba.

Alhamis

Ni da Inna mun zauna da takarda da biro. Kashi uku ta yi wa dangi. Akwai waɗanda sai an je musu da ƙafa: kakanni, baffanni, gwaggwanni, limamin unguwa da maƙwabta na jikin katanga. Akwai na nesa, waɗanda za a kira su ji murya. Sauran, abokai da abokan aiki, saƙo ya ishe su.

Muna cikin haka aka ce wata 'yar ƙanwarmu ta sa hoton jaririya a WhatsApp tun jiya, har jikar Gwaggo Babba ta nuna mata. Na tafi wurin Gwaggo da goro da yamma. Ta amsa gaisuwa a daƙile, ta ce, "Ashe yanzu a waya ake gaya mana jininmu ya ƙaru." Na ba ta haƙuri, na zauna na ba ta labarin naƙudar tun daga farko. Sai da ta ji an yi mata bayani irin wanda ake yi wa mai haƙƙi sannan ta saki fuska, ta ɗauko turmin atamfa daga adaka ta ce a kai wa mai jego. Yarinyar da ta ɗora hoton murna ce ta ɗebe ta. Na nuna mata cewa labarin na iyayen jaririya ne, su ke da ikon cewa yaushe zai fita.

Juma'a

Yau aka kira na nesa. Kawu a Maraɗi ne farko. An gaisa, an tambayi gida da damina, sannan aka shigo da maganar. Ya ce, "Allah ya raya, ya sa mai albarka ce," ya nemi a ba shi angon ƙarni ya tsokane shi.

Bayan sallar Juma'a na rubuta saƙon zauren dangi. Gajere ne: Allah ya azurta ƙanena da 'ya mace ranar Laraba, uwa da 'ya suna lafiya, suna Laraba mai zuwa bayan sallar asuba a ƙofar gidan Baba. Ban sa suna ba, ban sa hoto ba, ban kuma faɗi abin da ya faru a ɗakin haihuwa ba, wannan sirrin mai jego ne. Wani ƙane da ke karatu a waje ya ce ai kwana bakwai Talata zai kama. Baba ya warware masa da abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid: ba a lissafa ranar da aka haihu a cikin bakwai ɗin, shi ya sa wanda aka haifa da rana sunansa ke zagayowa ranar da ya zo duniya.

Asabar

An kai kauri, gida ya cika da 'yan barka, sabulu da kayan jarirai sun taru a kan gado. Na zame na tafi wurin wata 'yar baffanmu da ta rasa jaririnta bara. Inna ce ta ce kada a bari ta tsinci labarin a cikin hayaniyar zaure, kada kuma a ɓoye mata kamar ba 'yar gida ba. Na faɗa mata mu biyu a ɗaki, na ce in zuwa suna zai yi mata nauyi babu wanda zai ga laifinta. Ta yi shiru, ta share ido, ta yi wa jaririya addu'a mai tsawo. A duk kai-kawon makon nan, wannan zuwan ne na fi ganin amfaninsa.

Lahadi

An sayo goro a kasuwar Mariri, ƙwarya-ƙwarya, kowace goro 100. Masu cinsa sun ragu, don haka aka haɗa da alawa da dabino. Mun ƙulla a ƙananan leda, yara suka bi gida-gida. Kowane yaro sai da ya maimaita saƙon a gaban Inna: sallama, gaisuwa, sannan "an ce a gaya muku suna ranar Laraba."

Litinin

Akwai wani baffa da ba sa ga maciji da Baba tun rabon gadon wata gona. Wasu suka ce a tsallake gidansa. Baba ya ce jaririya ba ta san gona ba, jikarsa ce kamar yadda take jikar kowa. Bai aiki yaro ba, babban yayanmu ya tura da goro a hannu.

Talata

Rago ya iso, an sanar da wanzami. Na tuna wa ƙanena cewa akwai sanarwar da ta rage, ta hukuma. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin kwana 60, kuma yarinyar za ta buƙaci takardar ranar shiga makaranta da ranar yin fasfo. Ya ce da zarar an raɗa suna zai je.

Laraba

Ana idar da asuba aka shimfiɗa tabarmi. Baffan nan ya zo, ya zauna kusa da Baba, aka miƙa masa goro ya karɓa. Liman ya yi addu'a, aka faɗi suna, maroƙi ya ɗaga murya ya maimaita, wani yaro ya ruga cikin gida, guɗa ta tashi. Sunan Inna aka mayar, za a riƙa kiranta Ummi. Sai a lokacin uban, da yardar matarsa, ya saki hoto ɗaya.

Da aka soya naman suna, takardar Inna muka bi wajen rabo, gida-gida. Waya ta sauƙaƙa mana isar da labari Maraɗi cikin minti ɗaya, na kuma gode wa Allah da ita. Amma ba ta san babba da yaro ba, ba ta san mai farin ciki da mai ciwo a zuci ba. Wannan rarrabewar aikinmu ne, kuma da ita ake riƙe zumunci. Gobe mai jego za ta tafi gidansu wankan arba'in, ni kuma zan fara kiran waɗanda suka zo don yi musu ban-gajiya.