Turare Biyu a Kasuwar Deira

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka Dubai ya san Deira. Daga Bur Dubai ka hau kwalekwalen da suke kira abra, ka tsallaka ruwa, ka ratsa kasuwar zinariya, sai ga ka a titin Sikkat Al Khail, inda shagunan turare suke jere. Ƙamshin udu da turaren wuta ne zai tarbe ka tun ba ka ga kwalba ba.

A nan mutanenmu kan tsaya cak, kuɗin guda ɗaya a aljihu, zuciya na son biyu: Acqua di Giò na Giorgio Armani, wanda ya fito a 1996, da Oud Wood na Tom Ford, na 2007.

Na farkon ƙamshinsa sanyi-sanyi ne, kamar ɓawon lemo da iskar bakin teku. Shi ne na bazara, na zaman shago da shiga mota cikin jama'a, don ba ya hawa wa mutum kai. Matsalarsa ɗaya, a fatar da ta bushe ba ya jimawa.

Na biyun na itace ne, udu da sandal, mai nauyi da natsuwa. Lokacinsa hunturu, ko da dare, ko ranar ɗaurin aure da hawan Idi, sa'ad da aka ɗora babbar riga. Ya kuma fi ɗan'uwansa tsada nesa ba kusa ba.

To Alhaji, kafin ka zaɓa, tuna inda za ka koma. Mazaunin Kwatano ko Duwala, inda gumi ba ya barin jiki, mai sauƙin ya fi masa. Na Agadas ko Damagaram kuwa, da iska busasshiya ke kwashe ƙamshi da wuri, mai nauyin ne zai riƙe shi har la'asar.

Kada ka yanke hukunci a kan takardar da yaron shago ya fesa maka. Fesa a wuyan hannu, ka je ka sha shayi, bayan awa ɗaya ka sake shinshinawa. Sannan ka duba lambar ƙasan kwalba, ta zo daidai da ta kwali. In farashi ya faɗi warwas, jabu ne, ajiye musu kayansu. Araha dai ba ta ado, musamman in turaren na lefen ɗanka ne.