Kartar Tsuntsaye

Ƴan uwana ɗalibai da iyayenmu, na san da an ce karta, caca ke fara faɗo muku a rai. Wannan da zan ba ku labarinta babu kuɗi a ciki, ko dala. Sunanta Wingspan, wato faɗin fukafukai. Wata mata ƴar Amurka mai suna Elizabeth Hargrave ta ƙirƙiro ta, ta fito a 2019. Yayan wani ɗan ajinmu ne ya zo da ita daga Faransa, muka yi ta bugawa lokacin hutu.

Katin tsuntsaye 170 ne, kowane da hotonsa, da abin da yake ci, da irin sheƙarsa, da yawan ƙwan da za ta ɗauka. Kowa na da allon kwali a gabansa mai layi uku: kurmi, filin ciyawa da fadama. Ba ka ajiye tsuntsu sai ka biya abincinsa, ko tsutsa, ko hatsi, ko ɗiyan itace, ko kifi, ko ɓera. Abincin daga wasu ƙwayoyi biyar yake fitowa, irin na ludo, sai dai hoto ke jikinsu. Zagaye huɗu ake yi. A na farko kana da hannu takwas, a na ƙarshe biyar kacal. Nan fa ido ke raina fata! Kana riƙe da shaho, babu ɓera, lokaci na ƙurewa.

Abin da ya fi burge ni, aikin tsuntsu a kati yana bin halinsa na gaske. Mai farauta farauta yake yi, masu yawo garke suna tara wasu katuna ƙarƙashinsu.

Amma wallahi tana cin lokaci. Bugunmu na farko ya kusa awa biyu, don haka wanda ya fara bayan la'asar, magariba za ta iske shi. Ƙwayayen kuma kamar alewa suke, a ɓoye wa ƙanne. Zagayen ƙarshe ma ba daɗi sosai, kowa sai zuba ƙwai don tara maki.

Babban ƙorafina shi ne duk tsuntsayen na Amurka ta Arewa ne. Mujiya da tsattsewa na gane, sauran baƙi. Ina balbela? Ina hasbiya, ina gauraka? Shi ya sa muka yanka kwalin sukari muka zana shamuwa. Abincinta ba gardama, fara ce. Aikinta ne ya raba mu. Ni na ce duk wanda ya ajiye ta, kowa ya samu hatsi guda, tunda zuwanta ke nuna damina ta kusa. Abokina ya ce sam, mai katin kaɗai zai ci. Har yau rabin katin babu rubutu.