Wa Ya Biya Kuɗin Sabulun Kwalliyarmu?

Ni ba ma'abocin shiga kasuwa ba ne. Amma da auren autanmu ya taso, kuma mahaifinmu ya riga mu gidan gaskiya, sai haɗa lefe ya faɗo a wuyana a matsayina na babban wa. Kwana uku muka yi da maiɗakina muna zarya a Kantin Kwari da ke Kano, inda na koyi abin da duk shekarun da na yi a jami'a ba su koya mini ba. A nan na san cewa shaddar Getzner a ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, atamfar da mata ke kira 'yar Holan kuwa ta kamfanin Vlisco ce, wanda ke aiki tun 1846. Mai shago ya san asalin kowane turmi kamar yadda maroƙi ya san asalin gidan sarauta.

Da muka je sayen sarƙa da 'yan kunne ne labari ya sha bamban. Mai gwal ya ɗora su a sikeli, ya faɗi nauyi da kuɗi, ya ƙara da cewa, "'Yar Dubai ce." Na ce masa, kafin Dubai fa, daga ina? Ya yi dariya ya ce, "Haba Dakta, ai zinariya ba ta da tsaga. In ta shiga wuta ta fito, ba wanda ya san garinsu." Na biya, muka tafi. Ban san maganar nan za ta bi ni har yammacin Zamfara ba.

Amaryar 'yar Gummi ce. Muka kwana a Gusau, muka tashi da hantsi, domin a wannan hanya ba a sammako, ba a kuma yarda la'asar ta riski matafiyi. Muka wuce Bunguɗu da Maru, muka karkata a mararrabar Mayanci muka nufi Anka. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi kai, amma tsakanin gona da gona sai ka ga fili ya zama saura, ciyawa ta cinye shi. Direbanmu bai yi bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Anka gari ne mai tarihi. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, gidan sarautar ya yi ta ƙaura har ya zauna a nan, kuma har yau sarkin garin ne ke riƙe da sarautar Sarkin Zamfara. A inuwar da ke kusa da fada na ga wasu dattawa cikin manyan riguna da suka sha wanki, fuskokinsu ɗauke da tsagar Zamfarawa. A zamaninsu wannan tsaga ado ce, kuma shaida ce. Duk inda mutum ya shiga, fuskarsa ta riga bakinsa faɗin garinsu. Samarin da ke wucewa a kan babura ba mai ko ɗaya, sai askin zamani da rigunan ƙungiyoyin ƙwallon Turai. Ba na kukan bacewar askar wanzami a fuskar jarirai, amma na tuna da maganar mai gwal.

Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu ma'aikacin lafiya ne a garin, ya tarbe mu da fura. Da ya ji abin da ke cikin akwatunanmu sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, ƙannena biyu zinariya ce ajalinsu." Ya ba ni labarin da na sha karantawa a takarda, amma ban taɓa ji daga bakin wanda abin ya ci gidansu ba.

A wajen 2009 zuwa 2010 farashin zinariya ya tashi a duniya, oza ɗaya ta haura dalar Amurka 1,000. Manoma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka koma haƙa. Dutsen da suke fasowa yana ɗauke da zinariya, yana kuma ɗauke da dalma mai yawan gaske. A kan kawo shi cikin gida, mata su daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta shiga tuwo, ta shiga ruwa, ta shiga bakin duk yaron da ya tsotsi yatsa. Yara suka fara jijjiga suna mutuwa, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, gwaji ya tabbatar da gubar dalma ce. Sama da yara 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. An kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, amma Bagega sai a 2013 aka yi mata nata aikin, bayan an daɗe ana jiran kuɗi daga gwamnatin tarayya. An yi wa dubban yara magani. Sai dai dalma in ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba ta mayar da abin da ta ɗauka. Ɗalibin nawa ya ce waɗanda suka rayu yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu har gobe karatu ba ya zama a kansu.

Na tambaye shi inda zinariyar ta tafi. Ya ce dillali ya saya a bakin rami, ya sayar wa na Gusau, na Gusau ya miƙa gaba. A 2024 ƙungiyar Swissaid ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto cewa a shekarar 2022 kaɗai an yi fasa-ƙwaurin aƙalla tan 435 na zinariya daga Afirka, kuma mafi yawanta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta nufa. Ba zan ce sarƙar da ke akwatinmu daga Bagega take ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ba ni da hujjar cewa ba daga can take ba. Ta yiwu ta fita daga ƙasar nan a matsayin gari cikin ƙullin leda, ta dawo mana da sunan 'yar Dubai, muka saye ta muna alfahari.

Daga Anka muka ratse zuwa Bukkuyum, garin Sarkin Danko, domin in gaishe da ƙanwar mahaifiyata da ke aure a can tun kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996. Na tarar da gidan cike da baƙin da ban sani ba, mata da yara daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa. Mutanen yankin ba su manta da farkon Janairun 2022 ba, lokacin da aka kwashe kwanaki ana kai hari a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnati ta ce 58.

Inna tana zaune a kan tabarma da jikanyarta 'yar wata biyu a cinya, ga tandun kwalli a gefe, tana zizara mata. Na ce, "Inna, da kin bar kwallin nan." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, da shi munka tashi, da shi uwakka tar reni idonka. Mi yas same ka?" Na rasa ta inda zan fara. Da yawa daga kwallin dutse da ake sayarwa a kasuwanninmu dutsen dalma ne da kansa, irin mai ƙyalli in an fasa. A 2011 likitoci a birnin Bostin na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, da aka bi diddigi sai aka gano kwallin da aka kai masa daga Nijeriya ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na garin dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Na ce mata, "Inna, abin da ya kashe yaran 'Yargalma ɗan'uwansa ne ke cikin tandun nan." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta rufe tandun ta tura shi ƙarƙashin gado. Hausawa sun ce garin gyaran gira a kan rasa ido, ban taɓa ganin inda karin maganar nan ta zauna daram kamar ranar ba.

Da yamma na lura da wani abu. Matan da suka yi gudun hijira sun yi wanka, sun yi kitso, wata har da lalle a tafin hannu, zanen jikinsu ya koɗe amma a wanke yake tas. Sai dai kunnuwansu babu 'yan kunne, kusan kowacce ta soka ɗan tsinke a hudar. Na tambayi Inna. Ta ce an sayar, wasu don haɗa kuɗin fansar miji ko ɗa, wasu don biyan harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauye kafin a bari a yi noma, wasu don sayen tiyar dawa. Tsinken fa? Ta ce, "Don kada hudar ta toshe. Wata rana Allah na maido muna." Matan da ke zaune a kan ƙasar zinariya ke nan.

Washegari muka bi ta Ɗaki Takwas muka shiga Gummi, garin Sarkin Mafara, mahaifar marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, a bakin Gulbin Zamfara. A nan na ga yadda yayi ke gudu fiye da mota. Telan da ya yi wa 'yan matan amarya anko ya nuna mini wayarsa. Ɗinkin da aka sa a wani biki a Abuja makon jiya, ya gani a Instagram, ga shi ya fitar da irinsa da keken da janareto ke ja. Akwai mai kwalliyar fuska da aka ɗauko, akwai wadda sana'arta ɗaurin gwaggwaro kawai. Tsofaffi suna gefe suna tuna zamanin saƙi da murjani da ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, suna cewa na yanzu ba su iya ado ba, kamar yadda nasu iyayen suka faɗa musu. Da aka buɗe lefe mata suka yi ta guɗa, aka ɗaga sarƙar sama kowa ya gani. Wata ta ce, "Lallai kwalliya ta biya kuɗin sabulu." Ni kuwa ina waje ina jiyo su, ina tambayar kaina wanda ya biya kuɗin sabulun.

Kada mai karatu ya ɗauka wa'azin barin ado nake yi. Addini ya halatta wa mata zinariya, kuma ga 'yar Bahaushe ita ce asusun da ba ya cin kuɗin ajiya, ranar wuya ita ake fara cirewa. Matan gidan Inna ma sun nuna mini cewa kitso da wanke zane wani nau'in riƙe mutunci ne ga wanda aka raba da komai. Abin da nake cewa shi ne mu da ke saye mun iya tambayar nauyi da lamba da yayi, amma ba mu taɓa tambayar asali ba. Duniya ta taɓa yin wannan tambaya game da lu'ulu'un da ya rura yaƙin Saliyo da Angola, har aka kafa tsarin Kimbali a 2003 don tantance inda dutse ya fito. Tsarin yana da giɓi, amma ya nuna cewa mai saye in ya dage, ana iya yi wa ma'adini tsaga.

Lokacin yin haka kuwa yanzu ne. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024. A watan Maris na 2025 oza ɗaya ta haura dala 3,000, kusan ninki uku na farashin da ya tura mutanen Dareta cikin rami. Ƙungiyar MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin jiha tun 2022. Duk abin da ya haddasa bala'in 2010 yana nan, ya ma ƙara ƙarfi, ga bindiga ta shigo ciki. Ya kamata a sami wuraren niƙa dutse nesa da gidaje, a riƙa jiƙa shi don kashe ƙura, a ajiye na'urar gwajin jini a asibitocin Anka da Bukkuyum da Gummi. A buɗe cibiyoyin sayen zinariya masu rajista, ta yadda za a san ramin da ta fito, kuma wani kaso ya koma wa ƙauyen ta hanyar makaranta da rijiya. Hukumar NAFDAC ta riƙa gwada kwallin da ke kasuwa, malamai kuma su taimaka wajen bayyana wa iyaye cewa son sunna bai wajabta sa wa jariri dalma a ido ba. Mu malaman jami'a ma da laifinmu, mun rubuta maƙaloli da Turanci a kan wannan guba, amma Inna ba ta taɓa jin labarin tandunta ba sai da bikin aure ya kai ni gidanta.

A hanyar dawowa maiɗakina ta cire 'yan kunnenta ƙanana na azurfa, ta ba direban da zai koma Bukkuyum ya kai wa Inna, ta ba wadda ta ga ta fi dacewa. Mun san ba su isa komai ba, mace ɗaya ce za ta cire tsinke a cikin masu yawa. Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, Ya zaunar da Zamfara lafiya, Ya mayar wa matan nan abin da suka bar hudarsa a buɗe suna jira.