Tsakanin Mai Tara Jama'a da Mai Barin Magada

Jama'a, yau zan ɗan kauce daga hanyar da muka saba, in kawo muku wata gardama da na shafe shekaru ina yi da wani abokina, wadda daga ƙarshe na sha kaye. Gardamar kuwa a kan kiɗa ce, wani irin kiɗan Turawa da ake kira thrash metal. Na san da yawa daga cikinku ba su taɓa jin sa ba, wanda ma ya ji zai ce hayaniya ce kawai. To, ku ɗan yi haƙuri da ni.

A shekarar 2004 na je karatu Ingila, aka haɗa ni gida ɗaya da wani saurayi ɗan Brazil, mutumin garin Belo Horizonte. Daren farko na ji wata ƙara daga ɗakinsa kamar an tayar da injin niƙa goma a lokaci guda. Na je na buga masa ƙofa cikin fushi. Maimakon ya ba ni haƙuri, sai ya ce in zauna in saurara na minti biyar, in ban ji komai a ciki ba zai kashe. Na zauna. Ashe waƙar Master of Puppets ce ta ƙungiyar Metallica. Can tsakiyarta sai ƙarar ta lafa, jita biyu suka shiga wani kiɗa mai sanyi kamar suna kuka. Tun daga ranar na kamu.

Shi dai wannan kiɗa a Amurka aka haife shi, a farkon shekarun 1980. Samari ne suka ɗauki nauyin kiɗan metal na Ingila suka haɗa da saurin kiɗan punk, suka fito da abu mai gudu da zafi. Ƙungiyoyi huɗu ake kira manyan gidan: Metallica da Slayer da aka kafa a yankin Los Angeles a 1981, Anthrax ta New York ita ma a 1981, sai Megadeth da Dave Mustaine ya kafa a 1983 bayan da Metallica ta sallame shi. Tambayar da ta raba ni da abokina ita ce: wacce ta fi tasiri a cikinsu?

Ni dai Metallica na riƙe, kuma ina da hujja. Su suka fara fitar da kundi cikin huɗun, wato Kill 'Em All a 1983. Kundinsu na 1991, wanda ake kira Baƙin Kundi, an sayar da fiye da kwafi miliyan 16 a Amurka kaɗai. A 2013 sun yi wasa har a Antaktika. A 2016 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanar da adana Master of Puppets cikin muhimman faya-fayan ƙasar, abin da ba a taɓa yi wa wani kundin metal ba kafin nan. Nakan jero masa waɗannan in ce, to malam, me ya rage?

Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, “Abokina, kana ta ƙirga waɗanda suka saya. Ni waɗanda suka koya nake ƙirgawa.” Sai ya ɗauko kundin Slayer na 1986, Reign in Blood. Waƙa goma ne cikin ƙasa da minti 30. Saboda gajartarsa, a kaset gaba ɗayansa ya shige fuska guda, aka maimaita shi a ɗaya fuskar. Rick Rubin ne ya tsara sautinsa a kamfanin Def Jam, wanda a lokacin da kiɗan rap aka san shi. Ya cire duk wani amsa-kuwwa, ya bar gangar Dave Lombardo da jitar Kerry King da ta Jeff Hanneman tsirara, kowane bugu ana jin sa sarai duk da gudun da suke yi. Abokina ya ce daga wannan kundi ne samari a Florida da Swidin suka ga hanyar da suka bi wajen gina death metal, kuma shi kansa ya tashi a garin da Sepultura ta fito, ya ga yadda yara ke kwana suna koyon ƙafar Lombardo a kan ganga biyu.

A nan ne gizo ke saƙar. Gaskiya ni ba na ƙaunar kalaman Slayer. Zane-zanen shaiɗan da maganar jini da kaburbura sun cika waƙoƙinsu. Waƙar farko a wancan kundi a kan Josef Mengele take, likitan nan na 'yan Nazi da ya azabtar da fursunoni a Auschwitz, har kamfanin Columbia ya ƙi rarraba kundin. Su dai sun sha cewa labari kawai suke bayarwa, kuma mawaƙinsu Tom Araya ɗan Katolika ne. Duk da haka zuciyata ba ta taɓa natsuwa da su ba. Metallica kuwa tana waƙa a kan yadda ƙwaya ke mayar da mutum bawa, da yadda yaƙi ke cinye samari. Abubuwan da zan iya saurara ba tare da na ji na saɓa wa tarbiyyar gidanmu ba.

Sai daga baya na gane cewa ba hujja nake karewa ba, son zuciyata nake karewa. Ina so a ce wanda nake ƙauna shi ne ya fi kowa tasiri, don kada in amsa cewa abin da nake ƙyama ya fi haihuwa. Ranar da na gane haka kuwa, zama na yi na saurari ƙungiyoyin da suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Masu kwaikwayon Metallica suna nan da yawa, amma galibi kwaikwayo ne, ka ji su ka ce ga ƙaramar Metallica. Waɗanda suka bi Slayer kuwa sun wuce inda ta tsaya, sun ƙara gudu, sun ƙara nauyi, har suka kafa sababbin gidaje masu sunan kansu. Metallica ta buɗe ƙofa duniya ta shigo kallo. Slayer ta ba makaɗa kayan aiki.

Kada a ce na manta da sauran biyun. Megadeth ta nuna gwanintar jita a Rust in Peace na 1990, Anthrax kuma ta haɗa kai da Public Enemy a 1991 suka auri rap da metal. Amma gardamarmu ba ta taɓa tsayawa a kansu ba.

Mun rabu da abokina a 2007, kowa ya koma ƙasarsu, ban amsa masa ba. A 2010 da ƙungiyoyin huɗu suka hau dandali ɗaya karon farko a Warsaw ta ƙasar Poland, ya aiko mini da saƙo yana tsokanata, na yi shiru. Sai a watan Mayun 2013, da na ji rasuwar Jeff Hanneman, na rubuta masa layi ɗaya: “Ka yi gaskiya, Slayer ce.” Amsar da ya ba ni ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ya ce shi ma da Metallica ya fara, kuma da ba don ita ba da bai taɓa jin sunan Slayer ba.

Har yau in zan saurara, Metallica nake sawa, Slayer kuwa ba ta cikin wayata. Amma in ɗana ya tambaye ni wacce ta fi tasiri, ba zan yi masa ƙarya don in kare abin da nake so ba. Ku ma masu karatu, in an tambaye ku marubucin da ya fi tasiri, ku duba ko wanda kuka fi so kuke ambata, ko wanda ya fi barin magada.

Sai mun sake haɗuwa.