Tashe da Suna: Baba Yara na Kumasi

Hausa tana bambanta tashe da suna. Mai tashe lokacinsa ne ake ciki, kuma kowa ya san lokaci yana wucewa. Wanda ya yi suna kuwa, ana ambatonsa ko ba ya wurin. Rayuwar Baba Yara, ɗan ƙwallon Kumasi, ta ɗauki kalmomin biyu, sai dai tashensa bai kai shekara goma ba.

An haife shi a Kumasi a 1936. Sunansa na yanka Usman Sa'idu, wanda jaridun Gana suke rubutawa Osman Seidu, suna irin na 'ya'yan zango. Laƙabinsa ma, ga kunnen Bahaushe, bai yi nisa da "baban yara" ba. Ya shiga Asante Kotoko a 1955, yana buga gaba ta gefen dama, har aka riƙa yi masa kirari da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. A 1961 aka ɗauke shi zuwa Real Republicans, ƙungiyar da gwamnatin Nkrumah ta kafa a Accra ta hanyar tsince fitattun 'yan wasa daga sauran ƙungiyoyi, abin da bai yi wa magoya bayan Kotoko daɗi ba.

A watan Maris na 1963, suna dawowa daga wasa a Kpandu, motar ƙungiyar ta yi haɗari a Kpeve. Ya ji rauni a ƙashin baya. An kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya dawo a keken guragu. A ƙarshen wannan shekarar Gana ta ci kofin Afirka karo na farko, a gida, ba da shi ba. Ya rasu a 1969 bai cika shekara 33 ba.

Sunan ne ya ci gaba da tafiya, ta wata hanya mai ban mamaki. A 2004 aka raɗa wa babban filin wasa na Kumasi, mai cin mutum kusan 40,000, sunansa. Karramawa ce da ta dace, ko da yake ta makara da shekara 35. Amma tana da nata hasara. Yau matashin Aboabo ko Asawasi idan ya ce zai tafi Baba Yara, wuri yake nufi. Direban tasi ma haka yake fahimta. A nahawu, sunan mutum ya koma sunan wuri, kamar yadda Murtala Muhammad ya zama asibiti a bakin Kanawa. Dattawan zango da suka ga gudunsa da idonsu suna ta raguwa, kuma duk ranar wasan Kotoko dubban mutane suna furta sunansa alhali tikiti da ƙofar shiga ne a ransu.